Tambaya da Amsa: Mai son kiwon kifi a gida, ya fara da kiwon ruwa

 

A wannan wata takarda ta zo mana daga unguwar Zariya, cikin birnin Maradi. Wani magidanci ne ya rubuto. Ya ce ɗansa ya nuna masa hoto a salula. Akwati ne na gilashi cike da ruwa, an ajiye shi cikin ɗaki. A ciki akwai kifaye ƙanana, ja da shuɗi da rawaya, da wasu abubuwa kamar furanni bisa duwatsu. Yaron ya nace sai an yi irinsa a gida. Uban yana da rago ɗaya da ya yi kiwo. Ga tambayarsa: ya sayar da ragon ya yi akwatin, ko ya bari?

Malam, mun gode da takardarka. Kada ka kai ragon kasuwa tukuna. Karanta wannan bayani har ƙarshe, kai da yaron, sannan ku yanke shawara.

Mene ne cikin akwatin?

Kifayen nan na teku ne. Ba su rayuwa cikin ruwan rijiya ko na gulbi. Abubuwan da suka yi kama da furanni kuwa, murjani ne. Mun san murjanin da mata ke sawa a wuya. Na ainihi daga teku ake ciro shi. Na cikin akwatin danginsa ne, amma yana da rai. Wata ƙaramar dabba ce da ke manne da dutse. A cikin jikinta akwai tsiro ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani. Su ne ke sama mata abinci daga haske. In babu haske mai ƙarfi, sai ta rame ta mutu.

Irin wannan murjani yana da yawa a Bahar Maliya, kusa da Jidda, inda jirgin alhazai ke sauka. Mafi girman taronsa yana gaɓar ƙasar Ostareliya. Tsawonsa ya kai kilomita 2300.

Abin da akwatin ke bukata

Na ɗaya, gishiri. A cikin lita 1 ta ruwan teku akwai gishiri giram 35. Akwati mai lita 100 zai ci kilo 3 da rabi ke nan. Gishirin miya bai yi ba. Na Bilma ma bai yi ba, kanwa kuwa ba a maganarta. Akwai wani gishiri da ake haɗawa musamman a masana'anta, mai ɗauke da sinadaran da murjani ke gina jikinsa da su. Daga ƙasashen waje ake kawo shi. Ɗebo ruwan teku ma ba shi yiwuwa, don daga Maradi zuwa bakin teku ya fi kilomita 1000 a mota.

Na biyu, sanyi daidai. Murjani yana son ruwa mai zafin digiri 24 zuwa 27, dare da rana. A Maradi kuwa, cikin watan Afrilu zafi yana wuce digiri 40. In ruwa ya yi zafi, murjani yakan yi fari fat, in abin ya daɗe ya mutu. Ko a cikin teku haka ya faru a wurare da yawa na duniya a 1998, da 2016, da 2024.

Na uku, wutar lantarki wadda ba ta yankewa. Akwai injin da ke motsa ruwa, da fitila ta musamman da ke ci awa 8 zuwa 10 kullum, da na'urar sanyaya ruwa. In wuta ta ɗauke rabin yini a bazara, dukiyar da ke ciki tana iya hallaka.

Na huɗu, lura kullum. Ruwa yana ƙafewa, balle lokacin hunturu. Gishiri kuwa ba ya tashi, yana nan. Ruwan sai ya ƙara ɗaci. Don haka ana cika shi da ruwa tatacce marar gishiri, ana auna gishirin da ma'auni.

Bayan duk wannan wahala, kifin ba a ci, ba shi da kasuwa a nan. Na kallo ne kawai. Wanda ke da hali ya yi, ba laifi. Amma mai rago ɗaya, wannan ba hanyarsa ba ce.

Darasin da za mu ɗauka

Ko da yake haka ne, masu wannan akwati sun san wani abu da zai amfane mu. Ba su zuba kifi ranar da suka zuba ruwa. Sukan jira mako 4 zuwa 6. Ga dalili.

Makiyayi ya san zarnin da ke tashi a turken awaki in ba a share ba. Abin da ke kawo zarnin ana kiransa amoniya. Kifi ma yana fitar da shi. Akuya tana iya matsawa gefe ta sha iska. Kifi kuwa a cikin ƙazantarsa yake kwana, a ciki yake numfashi. In amoniya ta taru, sai ta ƙone masa wurin numfashi.

Akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Suna zama jikin duwatsu da bangon akwati. Aikinsu su juya amoniya ta koma abu mai sauƙin illa, irin wanda shuka ke sha kamar taki. Amma sai sun yi makonni kafin su yi yawa. Mai nono ta san haka. In ta zuba madara a ƙwarya da ɗan tsohon nono, ba ta buɗewa nan take. Sai ta bari ya kwana.

To, ka ji darasin. Ruwa ake kiwo, ruwan shi ke kiwon kifi. A fara da kaɗan. Kada a cika abinci. Kada a yi gaggawa.

Kifin da ya dace da gidajenmu

Malam, in yaronka yana son kifi, ga tarwaɗa. Ta ƙasarmu ce. Masunta suna kama ta a tabkin Madarunfa da kududdufan da Gulbin Maradi ke bari bayan damina. Tana da wata gaɓa a cikin kai da ke ba ta damar shan iska daga sama. Saboda haka ba ta bukatar inji ko wuta. Gargaza, wadda waɗansu ke kira karfasa, ita ma ana kiwonta, amma ba ta kai tarwaɗa jimiri cikin ƙaramin wuri ba. Mai fara koyo ya fara da tarwaɗa.

Ga yadda za a yi, daki-daki.

1. Wurin zama. A sami tankin roba mai lita 1000, a yanke samansa. Ko a gina kwami da siminti, tsawo mita 1, faɗi mita 1, zurfi mita 1. A sa tiyo a ƙasa don fitar da ruwa. Kada a yi aiki da tankin da aka taɓa zuba mai ko maganin ƙwari a ciki, ko an wanke shi.

2. Sabon siminti yana da guba ga kifi. A cika kwamin da ruwa, a bar shi mako 2. A zubar, a wanke, a sake cikawa. Ban da sabulu, ban da omo.

3. Inuwa. A yi rumfar zana a kai. Tarwaɗa ta fi girma cikin ruwa mai digiri 26 zuwa 30. Rana tsaka ta bazara tana dafa ruwa. Sanyin Disamba da Janairu kuma yana hana ta cin abinci. Don haka ya fi kyau a fara bayan sanyi ya wuce, a kwashe kafin ya dawo.

4. Murfi. A rufe da raga mai ƙarfi, a ɗaure. Tarwaɗa tana tsalle ta fita. Kyanwa da tsuntsu suna ɗauka. Abin da ya fi duka, ƙaramin yaro yana iya faɗawa ciki. Iyaye mata, a lura da wannan ƙwarai.

5. Yawan kifi. A cika ruwa lita 800, a zuba ƴaƴan kifi 40. Za ka ji waɗansu suna zuba 100 ko fiye. Su sun daɗe cikin sana'ar. Kai ka fara da 40.

6. Sayen iri. A nemi ƴaƴan kifi masu tsawon yatsa, kansu ɗaya, masu kuzari. A ɗauko su da sanyin safiya. In an iso gida, kada a juye su nan take. A riƙa zuba ruwan kwami kaɗan-kaɗan cikin abin da aka kawo su, har minti 20, sannan a sake su. Ranar farko ba a ba su abinci.

Ruwan da kowa ke da shi

Mai ruwan famfo, kamar masu gida da yawa a Zariya, ya sani ana sa magani a ruwan don kashe cuta. Maganin yana da amfani ga mutum, amma yana cutar kifi. A tara ruwan a buɗe, ya kwana 1 ko 2, kafin a zuba.

Mutanen Tibiri da ke kusa da fadama, da na Jiratawa, sun fi samun sauƙin ruwa. A Jiratawa, tun farkon shekarun 1980 aka gyara filin noman rani sama da hekta 500, ana ba shi ruwa daga rijiyoyi masu inji. Amma mai garka yana da nasa hatsarin, wato maganin feshi. Bokitin da aka dama magani a ciki kada ya kusanci kifi. Wanda ya yi feshi ya wanke hannu sosai kafin ya ba da abinci.

A ƙaramin kwami, ƙwayoyin nan masu tsabtace ruwa ba su isa su cinye ƙazantar kifi 40 ba. Sauran aikin naka ne. Kowane kwana 2 ko 3, a fitar da kashi 1 cikin 4 na ruwan daga ƙasa, a maye da sabo. Lita 200 ke nan, tano ɗaya, ko jarka 8 masu lita 25. In kifin ya girma, sai a riƙa yi kullum. Wanda ke sayen ruwa ya sa wannan cikin lissafi tun farko.

Ruwan da aka fitar kada a zubar a titi. Taki ne. A ba zogala, ko tumatir, ko salati. Ko a tsakar gida, ƴan itatuwan zogala 10 za su sha su yi ganye.

Abinci

Abinci shi ke cin mafi yawan kuɗin kiwon kifi. Tarwaɗa mai cin nama ce. Dusa kaɗai ba ta ƙosar da ita. Abincin buhu da ake yi don kifi shi ya fi. Ana iya ƙara mata gara, da tana, da tunkuza kaɗan. Fara ma tana ci, in ba wadda aka yi wa feshi ba ce.

A ba da abinci sau 2, safe da maraice. A watsa kaɗan-kaɗan ana kallo. In sun daina rububi, a tsaya. Abincin da ya nutse ya ruɓe shi ne babban mai ɓata ruwa. Kifin da ƙoshi ya kashe ya fi wanda yunwa ta kashe yawa.

Kowane mako 2 a duba girmansu. Tarwaɗa tana cin ƴar uwarta. In waɗansu sun fi saura girma sosai, a ware su cikin wani mazubi.

Alamun hatsari

In ka ga kifi sun tsaya tsaye a saman ruwa, kai sama, sun ƙi abinci, akwai matsala. Haka in ruwan ya yi wari ko kumfa. A daina ba da abinci yini ɗaya. A sauya rabin ruwan. Wanda ya mutu a cire shi nan da nan, a binne. Kada a zuba maganin mutane ko na dabbobi da ka. A je a tambayi ma'aikatan ruwa da daji, don sha'anin kifi yana hannunsu.

Mu yi lissafi

Ɗauko alƙalami. Ka zuba kifi 40. A ce 5 sun mutu, saura 35. In an kula da su, cikin wata 5 zuwa 6 kowane yana iya kai rabin kilo. Kilo 17 da rabi ke nan. Za su ci abincin buhu wajen kilo 20 zuwa 25.

Yanzu je ka Babbar Kasuwar Maradi ka tambayi kuɗin kilo 1 na ɗanyar tarwaɗa. Ka tambayi kuɗin abinci, da na iri, da na ruwa. Rubuta duka cikin littafi. Ka tara abin da zai fita, ka tara abin da zai shigo, ka debe. Zagayen farko ribar ba ta da yawa, don akwai kuɗin tanki. Abin da za ka samu shi ne sanin aiki, da kifin miya ga iyali, da ruwan taki. In lissafin bai fita ba, ka gane tun kuɗinka na aljihu. Amfanin karatu ke nan.

Shawararmu

Malam, bar ragonka a turke. Ka fara da abin da in ya ɓaci ba zai hana gidanka cin tuwo ba. Ba yaron littafi, ka ɗora masa aikin. Ya rubuta ranar da aka zuba kifi, da ranar sauya ruwa, da yawan abinci, da wanda ya mutu. In ya riƙe kifi 40 wata 6, to ya iya kiwon ruwa. Sai a ƙara kwami na biyu. In ya girma ya sami hali, har yanzu yana son akwatin murjani, zai tarar ya riga ya koyi rabin aikin a tsakar gidan ubansa. Sannu ba ta hana zuwa.

Ƴan uwa, wanda ya karanta wannan ya karanta wa maƙwabcinsa. Masu kiwon kifi a Tibiri da Jiratawa da sauran garuruwa, ku rubuto mana abin da kuka gani, mai daɗi da marar daɗi, don kowa ya ƙaru. A wata mai zuwa za mu yi bayanin yadda ake banda kifi ya daɗe bai lalace ba.

Allah ya sa albarka cikin nema. Sai wata na gaba, in Allah ya kai mu.