Kumasi: Tarkon da ke cikin arahar kwamfutocin gwanjo

A unguwannin Zango na Kumasi, irin su Aboabo da Asawase, matasa da dama na cin abinci da tsara katin biki, fastocin 'yan siyasa da allunan shaguna a CorelDRAW ko Photoshop. Sabuwar kwamfutar tebur ta fi ƙarfin aljihun yawancinsu, musamman tun 2022, lokacin da sidi ya faɗi, hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari. Shi ya sa suke sayen na gwanjo, kamar Dell OptiPlex, da ke shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Tema.

Sai dai lissafin ya sauya ranar 14 ga Oktoban 2025, da Microsoft ya daina kula da Windows 10 yadda ya saba. A ƙa'ida, Windows 11 ba ta hawa kan furosesan Intel da bai kai zubi na takwas ba. Tsofaffin da ofisoshin Turai ke rabuwa da su na iya cika shagunan Adum da araha, amma ranarsu ta kusa.

Don haka mai saye ya fara duba zubin furosesa, kafin kyan akwati. Sannan ya nemi RAM mai gigabait 16, da ma'ajiyar SSD. Katin zane mai tsada na iya jira, amma UPS ba ya jira, domin ɗaukewar wuta sau ɗaya kan lalata aikin yini, ta kori kwastoma.