Kafin a saki manhaja, a kawo ta Takanamat

Makon jiya na je Takanamat, a jihar Tawa, barkar haihuwa, na tarar da gwaggona zaune a bakin rumfar mai cajin waya, salularta a hannun wani yaro. Ɗanta da ke ci-rani a Abijan ya turo mata kuɗin hatsi. Saƙo ya shigo tun da hantsi, ta kasa gane ko kuɗin ne ko talla. Yaron ya karanta mata, ya nemi lambar sirri, ta faɗa masa a gaban mutum biyar. Da na yi mata magana sai ta ce, "Bari kawai ɗana, kaina ne ba ya ɗaukar abin nan."

Maganar ta tsaya mini a rai. Matar da ke riƙe da lissafin adashin mata ashirin a ka, ba a taɓa jin dala ta ɓata a hannunta ba, ita ce aka sa ta yarda cewa kanta ne bai ja. Ni ban yarda ba. Waɗanda suka ƙera tsarin nan na tura kuɗi ta waya ba su taɓa zama kusa da irinta sun ga yadda yatsanta ke kai-komo a kan waya ba.

Akwai sana'a sukutum da aka gina a kan wannan zaman, wato gwada sauƙin amfani da shafin intanet ko manhaja. Ba ta buƙatar na'ura mai tsada. Ana samun mutum irin wanda aka yi abin dominsa, a ba shi aiki na gaske, misali a ce "tura wa ƙanwarka jika biyu", a roƙe shi ya riƙa faɗin abin da ke zuciyarsa da baki yayin da yake yi. Mai gwaji kuma ya kame bakinsa. Nan ne wahalar take. Wanda ya kwana yana gina abu, da ya ga an ɓata hanya sai hannunsa ya miƙe: "a'a Hajiya, nan za ki danna." Da ya faɗi haka gwaji ya lalace, don ranar da Hajiya za ta yi da gaske ba ya nan.

Mutum nawa ake bukata? Jakob Nielsen, masanin wannan fanni, ya rubuta a 2000 cewa mutum biyar kan fito da kusan kashi 85 cikin ɗari na matsaloli, kuma gara a gwada da biyar, a gyara, a sake gwadawa da wasu biyar, da a tara taro sau ɗaya. Tun ba a rubuta manhajar ba ma ana iya zana fuskokinta a takarda, mutum ya riƙa nunawa da yatsa.

Da an yi haka a kasuwarmu, mutum na farko zai tona abin da ofishin kamfani a Yamai ba ya gani. Mu da dala muke ƙirga. Waya ta rubuta 500, yaro ya karanta "ɗari biyar", tsohuwa ta ji dala ɗari biyar, wato tamma 2,500, alhali dala ɗari ce tak. Daga nan rigima ke tashi tsakanin uwa da ɗa, ko tsakaninta da mai biyan kuɗi. Na biyu zai nuna cewa hasken rana na shafe rubutu mai toka-toka a gilashin da ya tsage. Na uku kuwa layi zai yanke masa a tsakiyar aiki, ya rasa ko kuɗi sun tafi, ya sake turawa.

Jiharmu ta ga misalin abin da lura ke haifarwa. A 2010, bayan fari, ƙungiyar Concern Worldwide ta raba tallafin kuɗi a ƙauyuka 96 na jihar Tawa, wasu hannu da hannu, wasu ta tsarin Zap na kamfanin Zain, Jenny Aker ta jami'ar Tufts da abokan aikinta suka bi diddigi. Mata ne ke karɓa, mafi yawansu ba su yi boko ba, don haka wata ƙara ta musamman da waya ke yi ce ke sanar da su kuɗi sun iso. Kunne aka yi wa magana, ba ido ba, kuma abin ya yi aiki: matan sun huta da doguwar tafiya da jiran layi.

Na san amsar masu kamfani. Za su ce alƙaluma na hannunsu, suna ganin mutum nawa suka fara aiki, nawa suka kammala. To a alƙalumansu gwaggona ta yi nasara, tunda an ciri kuɗin. Kwamfuta ba ta ga cewa yatsan yaro ne ya danna ba, ba ta ji lambar sirri na yawo a rumfa ba. Alƙaluma na nuna inda aka tsaya, ba sa faɗin dalili.

Tun 2025 doka ta mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, kuma za a ga masu gaggawar fassara manhajoji daga Faransanci. Abu ne mai kyau, amma fassara ma sai an gwada ta, don Hausar da aka rubuta a tebur ba lalle ta shiga kunnen Ba'adara ba, balle makiyayin da Tamashek ne harshensa.

Ɗaliban kwamfuta na jami'ar Djibo Hamani da ke Tawa su ne suka fi kusa da wannan aiki. Su hau mota zuwa Takanamat da littafi da alƙalami, su nemi izinin mutane, su biya su ladan lokacinsu. Su fara da yaron rumfar caji, don ya san maɓallin da kowace tsohuwa a garin ke maƙalewa a kai.