Tsakanin Cokali Da Loma

Wani ra'ayi yana ƙara samun gindin zama a tsakanin 'yan bokonmu, har da wasu ɗalibaina, wai cin abinci da hannu ƙauyanci ne, cokali kuwa shi ne tsafta da wayewa. Ni dai ban gamsu ba.

Indiyawan da muka tashi muna kallon finafinansu ba sa jin wannan kunya. A jihar Kerala, lokacin bikin Onam, kan ganyen ayaba ake zuba shinkafa da miya iri-iri, likita da leburansa kowa ya sa hannun dama.

Mu ma a Jangebe ba rashin sanin kayan ci ya sa muke yanka loma ba. Ludayin duma na nan domin fura da kunu tun kaka da kakanni. Amma tuwon dawa da miyar kuka, ko na shinkafar Bakalori, yatsu ne ke gane zafinsa da laushinsa kafin baki. Kuma a bakin akushi yaro ke koyon bisimilla, da cin gabansa, da haƙuri da nama har babba ya raba, ya kuma ga yadda yayansa ke tsame hannu ya bar masa saura. Abin da ke damuna da cokali shi ne ba ya zuwa shi kaɗai. Da farantinsa yake tafe, kowa ya ja nasa ya shige ɗaki, ciyayyar ƙofar gida ta mutu.

Sai dai masu suka suna da gaskiya a wuri guda: kwanon ruwan nan da ake zagayawa da shi, daga maigida har auta, kowa ya tsoma hannu. Wanda ya fi rauni shi ke samun ruwa mafi datti. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kuma daga hannu zuwa baki na cikin hanyoyin da ƙurar ta bi. A 2021 kwalara ta ratsa Zamfara. Cokalin da aka ɗauraye a wannan kwano ba zai ceci kowa ba.

Buta muke da ita a kowane gida saboda alwala. A zuba wa kowa ruwa daga bakinta, da sabulu, ko toka in babu, a fara da yara tun kafin a buɗe akushi.