An Kare Wayar, An Bar Mai Wayar

Matashi zai sayi waya mai tsada, ya sa mata gilashin kare fuska da riga, ya haɗa da fawa banki, wani ma har da sitabilaiza don kada wutar NEPA ta ƙona masa caja. Duk wannan hidima ta wayar ce. Shi kuwa da ke riƙe da ita tana jikin caji, galibi babu abin da zai tsaya masa idan wuta ta ja shi.

Na'urar da ke wannan aiki ita ce RCD, wasu masu aikin wuta suna kiran ta RCCB. Ƙarama ce, ana ɗaura ta a akwatin rarraba wuta na gida. Aikinta shi ne auna wutar da ke shiga ta layi ɗaya da wadda ke komawa ta ɗayan. Idan lafiya lau ne, dole su zo daidai. Da zarar an samu giɓi, alama ce wuta ta sami wata hanya, ko ta jiƙaƙƙen bango, ko ta jikin firji, ko ta jikin mutum. Nan take sai ta yanke wutar, cikin ƙasa da rabin daƙiƙa.

Da yawa suna zaton fiyus da ke cikin filogi ya wadatar. Lissafi bai yarda da haka ba. Fiyus ɗin filogi mai baki uku yakan ɗauki amfiya 13 kafin ya tsinke, domin an yi shi ne don kare layin wuta daga zafi da gobara. RCD ta gida kuwa tana yankewa a miliamfiya 30, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin 400 na wancan. Wutar da za ta hargitsa bugun zuciyar mutum ba ta ko kusa da abin da fiyus zai ji ba. A ƙasar da soket ke ba da bolt 230, wannan tazara ce tsakanin firgita da jana'iza.

Haɗarin ya fi yawa a inda matasa suka fi zama: ɗakunan haya da ɗalibai ke cunkushewa a kan soket ɗaya, shagunan cajin waya masu ɗaruruwan caja, da gidajen da damina ke jiƙa wa bango. Caja mai araha wadda ba a raba ɓangaren babbar wuta da na ƙaramar ba yadda ya kamata tana iya tura wutar soket kai tsaye zuwa jikin wayar. Araha dai ba ta ado.

Akwai masu cewa na'urar ta cika faɗuwa, har wasu masu aikin wuta kan cire ta su haɗa layin kai tsaye don mai gida ya huta. Wannan ganganci ne. Yawan faɗuwarta na nufin wuta tana zuba a wani wuri, kuma abin da ya dace shi ne a nemo wurin a gyara.

Ita ma tana da iyaka. Wanda ya kama layukan biyu a lokaci ɗaya ba za ta cece shi ba, kuma a gidan da ke amfani da janareta ko sola, sai ƙwararre ya duba yadda aka haɗa ta kafin a dogara da ita. Tana da maɓalli mai alamar T, a riƙa danna shi duk bayan 'yan watanni. Idan wuta ba ta ɗauke ba, na'urar ta mutu, a sauya ta.

Hukumar NEMSA ce ke da alhakin duba ingancin haɗa wutar lantarki a Najeriya, amma ba za ta leƙa kowane ɗakin haya ba. Don haka mai neman ɗaki, kamar yadda yake tambayar ko unguwar na da sabis mai ƙarfi, ya kamata ya buɗe akwatin wuta ya ga ko akwai RCD. Idan babu, ya nemi mai gida ya sa ta kafin a biya kuɗin haya.