Shiru da Bulala Ba Su Tsare Yaran Hartum Ba

Ra'ayin da ya fi rinjaye a gidajen Hartum da Umdurman, har da gidajen Hausawan da kakanninsu suka yada zango a Sudan a kan hanyar Makka, shi ne cewa yaron da ba a taɓa yi masa zancen abin da ke tsakanin namiji da mace ba zai tashi da tsarkin zuciya, kuma duk mahaifin da ya tayar da zancen shi ne ya buɗe wa ɗansa ido da kansa. Larabcin Sudan yana da kalma guda da ke rufe bakin yaro da zarar ya yi tambaya, wato "aib", abin da Bahaushe ke kira abin kunya, kuma a kanta aka gina imanin cewa aikin iyaye su kama baki, aikin hukuma kuwa ta toshe kafa. Wannan ra'ayi kuskure ne mai cutarwa, kuma Sudan ta fi kowace ƙasa dalilin gane haka, domin ta gwada shi kusan shekara talatin da dukan ƙarfin gwamnati.

Sashe na 152 na dokar laifuka ta 1991 ya tanadi bulala har arba'in ga wanda ya sa tufafin da aka ce sun saɓa wa ɗa'a, sannan dokar jihar Hartum da ake kira "nizamul am", wato dokar kiyaye tarbiyyar jama'a, ta ƙayyade lokacin tashi daga biki, ta hana rawar maza da mata a haɗe, ta kuma shiga har shagunan gyaran gashi. A 2009 aka kama 'yar jarida Lubna Ahmad Husaini a wani gidan abinci na Hartum saboda ta sa wando, shari'arta ta zaga duniya, amma mafi yawan waɗanda bulalar ta hau kansu matan talakawa ne na unguwannin gefen gari, irin masu sayar da shayi a bakin titi, waɗanda babu jaridar da ta san sunansu. Hukumar sadarwa ta ƙasa ma ta riƙa toshe shafukan batsa a intanet. A daidai waɗannan shekaru ne faifan tauraron ɗan'adam ya hau kan rufin gidaje, kuma a 2008 tashar MBC ta watsa wasan kwaikwayon Turkiyya mai suna Nur da aka juya zuwa Larabcin Sham, iyalai suka riƙa zama gabansa manya da yara babu mai cewa uffan. Da gwamnatin riƙon ƙwarya ta soke dokar "nizamul am" a watan Nuwamba na 2019, abin da ta bari a baya shi ne iyayen da suka saba ganin tarbiyya a matsayin aikin ɗan sanda.

Masu wannan ra'ayi suna zaton saƙon jima'i baƙo ne da ke shigowa daga Turai ko Istanbul, alhali mafi ƙarfinsa a cikin gida ake rera shi. A gidan biki a Umdurman, idan mata suka kewaye mai kiɗan dalluka, wato ƙaramar gangar yumɓu da ake bugawa da tafin hannu, sukan rera "aganil banat", waƙoƙin 'yan mata da ke yabon saurayi mai kuɗi da wanda ya dawo daga aiki a ƙasashen Larabawa, da kuma surar amarya gaɓa da gaɓa. A sahun gaba kuwa 'yan mata ne masu shekara shida da bakwai, sun tanƙwashe ƙafa a kan tabarma, suna haddace baitocin tun kafin su san ma'anarsu. Yarinyar tana ganin yayarta zaune a kan ramin duhan, turaren itacen ɗalhu da amarya ke shafe makonni tana yi wa jikinta, tana kuma wuce shagunan da ake kira "gadar zurufak", ma'ana gwargwadon halinka, inda ake auna man sauya launin fata kaɗan-kaɗan domin wadda ba ta da kuɗin kwalba guda. Babu laifi a gyaran amarya, fasaha ce ta mata mai tsohon tarihi wadda matan Kano da Maiduguri ma suka ara, amma a da tana da lokacinta da masu kallonta. Wayar hannu ta rushe wannan shamaki, ta yadda rawar amarya da aka yi domin mata da ango kaɗai takan ƙare a WhatsApp da TikTok a hannun yaro ɗan shekara goma. Darasin da yarinya ke ɗauka daga duk wannan, idan babu wanda ya tsaya ya warware mata shi, shi ne cewa darajarta tana ga hasken fatarta da cikar jikinta, shi kuwa yaro ya koyi cewa mace abin saye ne ga mai hali.

A farkon 2021 mumbarori sun girgiza a kan hoton zanen Mikelanjelo da aka sa a littafin tarihi na aji shida, har firaminista Abdallah Hamdok ya dakatar da sabuwar manhajar karatun da littafin ke ciki, shugaban cibiyar tsara manhaja Umar al-Karrai ya yi murabus. Ko da an yarda hoton bai dace ba, ƙarfin da aka kashe a kan shafi guda bai kai ga tambayar abin da ɗaliban ke gani a waya kowane dare ba.

Mafi raunin hujjar masu shiru ita ce jingina shi ga addini. Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda malaman Hausa ke karantarwa daga Sakkwato har Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, mai ita ya wallafa ta ne domin koyar da yara, kuma tun a babukanta na farko take bayanin maniyyi da maziyyi da haila da abin da ke wajabta wanka, ba tare da kewaye-kewaye ba. Haka littattafan Ahalari da Ishmawi. Suratun Nur ta umarci a koya wa yaran da ba su balaga ba neman izini a lokuta uku kafin shiga ɗakin iyaye, kuma an ruwaito Nana A'isha tana yabon matan Ansar saboda kunya ba ta hana su tambayar addini. Gaskiya ne cewa kunyar Bahaushe takan hana uwa ko ambaton sunan ɗan fari, to amma al'adar da ta kafa wannan kunya ta tanadi goggo da inna da kawu, ta kuma tanadi wasan jika da kaka, wanda a cikinsa ake faɗin abin da uwa ba ta iya faɗa. A gidan Basudane "habboba", wato kaka, ita ke riƙe da wannan matsayi. Wanda ya riƙe kunyar ya saki waɗannan mutane ya riƙe rabin al'ada ne kawai.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya tarwatsa sauran rabin. Iyalan Hartum sun warwatsu zuwa Gadarif da Kassala da Bur Sudan da Masar da Chadi, kaka a wani gari jikoki a wani, makarantu suka rufe fiye da shekara, da yawansu suka koma masaukin 'yan gudun hijira inda gidaje da dama ke kwana a aji guda. A watan Maris na 2025 asusun UNICEF ya bayyana cewa an rubuta fyaɗe ga yara 221 tun farkon 2024, kashi ɗaya bisa uku maza ne, goma sha shida kuma ba su kai shekara biyar ba. Babu hirar uwa da za ta tare mai bindiga, kuma zalunci ne a ɗora wa iyaye wannan laifi. Sai dai yaron da bai san sunan gaɓoɓin jikinsa ba, wanda aka tsawata masa duk lokacin da ya yi tambaya, ba shi da kalmar da zai kai ƙara da ita, ko mai cutar da shi ɗan bindiga ne ko maƙwabci ko babban ɗalibi, kamar yadda binciken sashen Larabci na BBC na 2020 ya nuna a wasu halwowi, wato makarantun allo na kwana.

Fargabar cewa magana tana tayar da sha'awa ita ce ta fi cancantar amsa, kuma bitar bincike da hukumar UNESCO ta fitar a 2018 ta nuna cewa ilimin da ya dace da shekarun yaro ba ya gaggauta fara jima'i, a wurare da dama ma jinkirta shi yake yi. Abin da ake nema daga iyaye bai kai lacca ba. Uwa ce da ke kallon wasan kwaikwayo da 'yarta bayan sallar isha'i, jarumin ya fizgo hannun budurwa tana turjewa, kiɗan soyayya yana tashi, sai uwar ta rage murya maimakon ta canza tasha, ta ce, "Uwata, kin ga ta ce a'a bai bari ba, wannan so ne a ganinki?" Yarinyar za ta iya sunkuyar da kai ta ce, "Ban sani ba, Inna," kuma ya wadatar a wannan dare, domin ta ji cewa zancen yana da wurin zama a gidansu. Uban da nauyin baki ya hana shi yi wa ɗansa bayanin mafarkin balaga da hotunan da abokai ke turo masa yana da ƙane ko suruki ko malamin da ya amince da shi, kuma wajibinsa ne ya kira mutumin da suna ya ɗora masa aikin, ya kuma bincika ko an yi. Tun da sojoji suka karɓe Hartum a watan Maris na 2025 iyalai suke komawa gidajensu, sau da yawa babu kaka babu goggo a cikin motar, amma akwai waya a aljihun kusan kowane matashi.