Kariyar bisa mota ba rumbu ba ce

Maganar yau ba za ta yi wa wasu daɗi ba, musamman ƴan uwana direbobi da masu walda. Ku yi haƙuri ku saurare ni har ƙarshe, don ni ma cikin motocin nan nake tafiya, iyalina ma cikinsu suke tafiya.

Duk wanda ya taɓa tsayawa tasha ranar Lahadi da la'asar, lokacin da kasuwar Tahoua ta fara watsewa, ya san abin da zan faɗa. Ga Hiace tsaye, mai zuwa Barmou ko Takanamat ko Kao. A bisa rufinta an girka kariyar ƙarfe tun daga gilashin gaba har ta zarce ƙofar baya. A fara da buhunan hatsi da na shinkafa, a bi da siminti, sai kwanon rufi, sai katifu, sai jarkokin mai, sai babur a kwance, daga ƙarshe a ɗaure awaki biyu ko uku a ja raga. In ka ja da baya ka duba, tsayin kayan ya kusa kai tsayin motar kanta. Sannan yaron mota ya haye can ƙololuwa ya zauna, wani lokaci har da fasinja biyu da suka rasa kujera. Motocin da ke yin arewa, wajen Tchintabaraden da Tassara da Tillia, su kuma Hilux ce ko Land Cruiser aka yi wa ƙarafa a gefe da baya, aka rataya jarkoki, aka kakkafa sanduna cikin kaya don mutane su riƙe, ƙafafunsu na lilo a waje.

Mun saba da ganin haka har ya daina ba mu tsoro. To ni yau ina cewa wannan ƙarfen da muke biyan mai walda ya ƙara wa mota, ba wuri kawai yake ƙara mata ba. Yana sauya yadda take tsayawa bisa ƙafafunta, kuma da ranmu muke biyan bambancin.

Ba sai an yi karatun boko ba kafin a gane wannan. Kakanninmu da suka yi fatauci da jakuna da raƙuma sun riga mu sani. Mangala ana rataya ta ne gefe da gefe, nauyi ya sauka ƙasa, dama da hagu su yi daidai. Ba ka taɓa ganin mai raƙumi a Azawak ya tara gishiri tsibi guda bisa tozo ya ce a tafi ba, don ya san in dabba ta taka rami kayan ne za su kayar da ita. Mota ma haka take. In nauyi na ƙasa, tana zaune daram. In nauyi ya hau sama, duk kwanar da ta sha, duk ramin da ta kauce wa, kayan sama sai su yi gefe su ja ta. Shi ya sa manyan bas na kamfanoni, waɗanda ke zuwa Yamai da Agadez, ma'ajiyar kayansu a ƙarƙashin kujeru take. Wanda ya ƙera su bai rasa wuri a bisa rufi ba.

Bari mu yi lissafi, irin wanda kowane ɗan kasuwa zai iya bi. Tsoffin Hiace da ke aiki a tashoshinmu, mafi yawan kujerun da aka ƙera su da su 15 ne. Mu muka mayar da su masu kujera 19, har sunan ya bi su. Mutum 19, in ka ba kowa kilo 60 kawai, ka sami kilo 1,140. Abin da irin wannan mota ke iya ɗauka bai wuce tan ɗaya da ɗan wani abu ba. Ke nan tun kafin a jefa buhu ɗaya sama, motar ta riga ta cika. Yanzu ƙara buhun siminti goma, kilo 500 ke nan. Ƙara buhun hatsi biyar masu kilo 100, wani 500 ɗin. Ƙara babur, kusan kilo 100. Duk wannan a bisa rufi, alhali masu ƙera motoci suna ƙayyade abin da rufi zai ɗauka. A ƙananan motoci yawanci tsakanin kilo 50 ne zuwa 100, kuma irin su Hiace ba su yi nisa da haka ba. Buhun hatsi ɗaya ko biyu ne rabon rufi. Mu muna ɗora masa rumbu guda.

Wani zai ce ai makanike ya ƙara mata ƙarfen baya, wanda muke ce wa lam, don haka ba ta durƙusa ba. Gaskiya ne ba ta durƙusa ba, ido ya ga mota a miƙe. Amma birkin fa? Shi ne dai wanda aka yi wa tan ɗaya. Kusoshin taya su ne dai. Tayar kuma, kowace akwai lamba a jikinta da ke nuna iyakar nauyin da za ta ɗauka, da wasu lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Direba nawa ne ya taɓa duƙawa ya karanta? Taya ce ta gwanjo da ta gama rayuwarta a wata ƙasa, ga nauyi ya ninka, ga zafin watan Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 a Tahoua, ga kwalta kamar garwashi. Ƙarin lam ba ya ƙara wa mota ƙarfi, ɓoye gajiyarta kawai yake yi.

Kada a ce mu kaɗai ke ƙara wa mota wurin kaya. Manya daga cikinmu sun tuna Turawan da ke ratsowa ta Sahara su biyo ta Agadez su wuce Tahoua, cikin motocin da suka mayar ɗakin kwana. Su ma suna da kariya a bisa da akwatuna a baya. Amma masu hankalinsu tanti da shimfiɗa suke ɗorawa sama, ruwa da kayan gyara su bar su ƙasa. A ƙasashensu kuma lasisin ƙaramar mota iyakarsa kilo 3,500, mota da duk abin da ke cikinta, kuma ana iya tsayar da mutum a hau da shi sikeli. A Amurka, a shekarar 2001, hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta fitar da gargaɗi kan motoci masu kujera 15: ta gano in mutum goma ko fiye suna ciki, haɗarin kifewarsu ya kusa ninka uku a kan in ba su cika ba. Shawarar da take bayarwa ita ce kada a ɗora musu kaya a rufi sam. Wannan fa a kan titi mai santsi ne da sabbin tayoyi. Mu kuma fa? Hanyar Tahoua zuwa Agadez da Arlit, wadda aka gina a ƙarshen shekarun 1970 don jigilar uraniyom, kowa ya san yadda ramu suka cinye ta a wurare da yawa. Hanyoyin ƙauyuka kuwa burji ne da gargada da yashi da ƙoramu.

Ba a littafi na koyi wannan ba. Shekara biyu da suka wuce, ɗan ƙanena, yaro ɗan shekara goma sha shida, yana yaron mota a wata Hiace mai bin kasuwannin ƙauye. Ranar da abin ya faru ba gudu suke ba, duk wanda ke ciki ya shaida haka. Akuya ce ta gitta, direba ya ɗan murɗa sitiyari hagu ya dawo dama, abin da kowane direba ke yi sau goma a rana. Motar ta dawo, kayan sama ba su dawo ba. Sai ta kwanta a gefen da ƙofa take. Ƙofar baya kuwa an ɗaure ta tam da igiya saboda buhunan da aka cusa, sai da aka fasa gilashin gaba aka riƙa zaro mutane ɗaya ɗaya. Wata tsohuwa da buhu ya danne ba ta kai asibiti ba. Yaron namu da ke can sama an tsince shi nesa da motar, ƙashin ƙugu ya karye. Yau da sanda yake tafiya, daminar bana bai riƙe hauya ba, kuma shi ne babba a ɗakin uwarsa.

Da muka je gaisuwa, kowa abu ɗaya yake faɗa: ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, ba mai wuce ranarsa. Amma ban yarda mu riƙa fakewa da ita muna rufe aikin hannunmu ba. Hannun mutum ne ya yi waldar, hannun mutum ne ya ɗora buhu na goma sha biyar, hannun mutum ne ya ɗaure ƙofar. Wanda ya bar rijiya a buɗe a tsakar gida, in yaro ya faɗa, ai ba za mu ce ya yi daidai ba.

Na zauna da wani dattijon direba na faɗa masa duk wannan. Ya saurare ni sarai, sannan ya ce: "Malam, kai ba ka san mota ba. Kuɗin mutane na mai na. Kuɗin kaya su muka kaiwa gida. In na bar kayan ga, mi ɗiyana za su ci? Kuma in na ƙi, wancan na bayana ɗauka zai yi." Ban raina maganarsa ba, don akwai gaskiya a ciki. Mai da tsada, kayan gyara da tsada, mai mota na jiran kuɗinsa da dare, ƙauyuka da yawa kuma mota ɗaya suke gani a mako. Amma na tambaye shi: lam nawa ka sauya bana? Taya nawa ta fashe? Sau nawa ka kwana a daji? Ya yi shiru. Ribar da kariya ke kawowa da safe, gareji ke karɓe ta da yamma. Ranar da motar ta kwanta kuwa, ba riba ba uwa. Garin neman gira ake rasa ido.

Kuma kada mu fasinjoji mu wanke hannunmu. Mu ne muke cewa "don Allah direba ɗan ƙara min wanga, ba ya da nauyi." Mu ne muke dawowa daga Abijan ko Libiya ko Aljeriya da katifa da akwati da injin niƙa, mu ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba za mu rabu da kayanmu ba, sai dai mu shiga mota ɗaya da su. Mu ne in an ƙara dala ashirin a kuɗin mota mu tayar da tasha, amma in an ƙara tan ɗaya bisa kawunanmu mu yi shiru. Mutum ya sha wahalar shekara biyu a ƙasar wasu, ya ratso hamada lafiya, sannan ya zo saura tafiyar awa ɗaya gida kayansa su danne shi.

Ga hukuma ma akwai magana. Tun 2005 ƙungiyar UEMOA ta kafa doka mai lamba 14 da ta ƙayyade nauyi da tsayin manyan motocin kaya, kuma akwai sikelin auna su a wasu manyan hanyoyi. An yi wannan ne don a kare kwalta. To ƙananan motocin da ke ɗauke da mutane fa, wa ke auna su? Motar da kayanta suka kai tsayinta ba ta buƙatar sikeli, ido ya isa. Muna kira ga hukumar ANISER mai kula da kiyaye haɗurran hanya, da magadan gari, da shugabannin sandikar direbobi, su zauna da masu lodi su fitar da ƙa'ida guda da za ta hau kan kowa, don direba mai tsoron Allah kada ya zama shi ne mai asara.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Na farko, kada a sake ɗora ɗan Adam a bisa rufi, ko yaron mota ne. A ba shi kujerarsa a ciki. Na biyu, siminti da hatsi da jarkar mai da babur ba kayan sama ba ne. Kariya ta katifa ce da tabarma da jakar tufafi. Na uku, a gicciya ƙarfe a ƙofar kowace tasha, motar da kayanta suka taɓa shi ta koma ta sauke. Mai walda ɗaya ya isa ya yi wannan aiki a yini guda. Na huɗu, kada a ɗaure ƙofar baya ko a toshe ta gefe da kaya. Na biyar, ranar kasuwa sandika ta ware motar kaya daban ga kowane layi, a rubuta sunan mai kaya a buhunsa, ya same shi a tashar garinsu. Ku kuma masu walda, ku ne kuka san ƙarfe. In an ce ku zarce da kariya har ta fi motar tsawo, ku faɗa wa mai motar gaskiya ko da zai kai aikin wani wuri.

Na san abin da zai biyo baya: kuɗin mota zai ɗan hau. To ya hau. Ni dai na ga abin da aka kashe a jinyar yaronmu, an sayar da tumaki huɗu da amalanke, kuma ƙafar ba ta dawo ba.

Ranar Lahadi mai zuwa, kafin ka sa matarka da ƴaƴanka a mota, ɗaga kai ka duba abin da ke bisa rufinta. In hankalinka bai kwanta ba, ka sauke su ka jira ta gaba, kuma ka faɗa wa direba dalili a gaban jama'a. In mutum biyar suka yi haka a tasha ɗaya, masu lodi za su ji. Allah Ya kai matafiyanmu gida lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a hanya, Ya ba masu jinya sauƙi.