Zafin Kwamfuta da Ƙurar Hunturu

Da yawa daga masu kwamfutar tebur hankalinsu kan tashi da zarar manhaja irin HWMonitor ta nuna furosesa ta kai digiri 75 a ma'aunin Selshiyos. Ba abin tayar da hankali ba ne. Yawancin furosesar Intel sai ta kusa digiri 100 take rage gudu don kare kanta, AMD kuwa ta ƙera Ryzen 7000 ne ta yadda za ta iya aiki har 95 ba tare da lahani ba. Abin dubawa shi ne na'urar da ba ta aikin komai amma tana kan 60. A nan, a ganina, laifin ƙura ne kafin na kowa. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ko Maiduguri ke haura 40, fankar kwamfutar iska mai zafi take shaƙa, ga ƙurar hunturun da ya wuce ta toshe haƙoran ƙarfen sanyaya kamar audugar katifa. Wasu sai su cire murfin akwatin kwamfutar su kafa masa fankar ɗaki, su ƙara jawo ƙura. Wasu kuma su zuba kuɗi a na'urar sanyaya da ruwa mai fitilu kala-kala, don ado kawai. Burushi mai laushi da ɗan hura iska sun fi araha, sannan a goge busasshen man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen, a ɗiga sabo daidai ƙwayar wake.